Tayi ko Kora da Hali? Son Rai da Tilas a Shirin Biyan Ma'aikatan Gwamnatin Amurka Su Ajiye Aiki

Tsakure

A farkon shekarar 2025 gwamnatin tarayyar Amurka ta yi wa ma'aikatanta kimanin miliyan 2 tayin su ajiye aiki, ita kuma ta ci gaba da biyan su albashi na kusan wata takwas. Gwamnati ta ce zaɓi ne na ganin dama, ƙungiyoyin ƙwadago suka ce tilas ce aka lulluɓe da rigar tayi. Wannan maƙala ta bi diddigin yadda shirin ya gudana, ta duba ma'aunin da kotunan Amurka ke amfani da shi wajen tantance murabus na son rai, sannan ta kawo ra'ayoyin masana falsafa kan bambancin tayi da barazana. Maƙalar ta gano cewa amsar ba ta cikin yawan kuɗin da aka bayar, ba ta kuma cikin sa hannun ma'aikaci. Amsar tana ga abin da zai sami wanda ya ƙi karɓa, da kuma wanda ke riƙe da ikon sa wannan abin ya same shi.

1.0 Gabatarwa

Gwamnatin da ta ƙuduri rage ma'aikata hanyoyi uku ne a gabanta. Tana iya dakatar da ɗaukar sababbi ta jira tsofaffi su yi ritaya, wanda yakan ɗauki shekaru. Tana iya sallamar mutane kai tsaye, amma dokokin aikin gwamnati sun gindaya sharuɗɗa masu tsauri a kan haka, kuma ƙararraki kan biyo baya. Hanya ta uku ita ce ta sa kuɗi a gaban ma'aikaci ta ce da shi ya ɗauka ya tafi da ƙafarsa. Wannan hanya ta uku ta fi sauri, ta fi ƙarancin rigima, kuma duk ingancinta ya rataya ne a kan da'awa guda: cewa wanda ya tafi, shi ya ga damar tafiya. Idan da'awar ta tabbata, ciniki ne tsakanin baligai biyu, babu mai ta cewa. Idan ba ta tabbata ba, to kora ce aka yi ba tare da bin ƙa'idojin kora ba.

2.0 Tayi, Sallama da Kora da Hali

Kafin a shiga bayanin shirin, yana da amfani a daidaita kalmomin da za a yi aiki da su. A kasuwar Bahaushe, mai saye ne ke yin tayi. Mai kaya yana da amsa biyu: ko ya ce "albarka", ko ya sallama. Abin da ya sa tayi ya zama tayi shi ne wanda ya ce "albarka" yakan koma gida da kayansa yadda ya zo da su, bai ƙaru ba, bai ragu ba. Da zarar mai saye ya sanar da mai kaya cewa in bai sallama ba za a rushe rumfarsa, to maganar ta tashi daga ciniki, ko da kuwa farashin da aka ambata mai kyau ne.

Kalmar "sallama" kanta tana ɗauke da fuskoki biyun da ake jayayya a kansu. Mai kaya yakan sallama, wato ya yarda da farashi. Mai gida kuma yakan sallami bara, wato ya raba shi da aiki. A ta farko mutum ne ya aikata, a ta biyu shi aka aikata wa. Akwai kuma abin da Hausawa ke kira kora da hali, inda ba a furta wa mutum "tafi" ba, amma a ƙuntata masa zama har ya tattara nasa ya nasa da kansa. A zahiri shi ya fita, a haƙiƙa fitar da shi aka yi. Tambayar wannan maƙala ita ce a wane gurbi cikin waɗannan tayin barin aiki ya faɗa.

3.0 Tayin Barin Aiki a Gwamnatin Tarayyar Amurka

3.1 Tsarin 1994

Biyan ma'aikaci ya tafi ba baƙon abu ba ne a Amurka. A shekarar 1994, zamanin Shugaba Bill Clinton, Majalisar Dokoki ta zartar da dokar sake fasalin ma'aikatan tarayya, wadda ta nufi rage gurabe 272,900. Dokar ta ba ma'aikatu izinin biyan wanda ya amince ya tafi kuɗin da bai wuce dala 25,000 ba, a dunƙule. Wanda ya karɓa ya kuma dawo aikin gwamnatin tarayya cikin shekara 5, sai ya mayar da kuɗin. Akwai kuma tsarin ritayar wuri, wanda ke ba mai shekara 50 da ya yi shekara 20 yana aiki, ko wanda ya yi shekara 25 komai shekarunsa, damar fara karɓar fansho tun kafin lokaci. Abin lura a nan shi ne majalisa ce ta kafa tsarin, ta fayyace adadin kuɗin da sharuɗɗansa, kuma an shafe shekaru ana aiwatar da shi ma'aikata bayan ma'aikata.

3.2 Saƙon 28 ga Janairu, 2025

Ranar 28 ga Janairu, 2025, kwana takwas da rantsar da Shugaba Donald Trump a karo na biyu, Ofishin Kula da Ma'aikatan Tarayya, wanda aka fi sani da OPM, ya aika wa ma'aikata saƙon imel mai taken da ke nufin mararrabar hanya. Saƙon ya ce duk wanda ya amince ya yi murabus zai ci gaba da karɓar albashi da sauran haƙƙoƙinsa har zuwa 30 ga Satumba, kuma ba za a tilasta masa komawa ofis ba. Yadda za a karɓi tayin kuwa shi ne a mayar da amsar saƙon da kalma guda mai nufin murabus, kafin ƙarshen ranar 6 ga Fabrairu. Ba a sa sojoji da ma'aikatan gidan waya da masu aikin shige da fice da na tsaron ƙasa a ciki ba. Taken saƙon da salonsa sun yi daidai da wanda Elon Musk ya aika wa ma'aikatan Twitter a Nuwamban 2022 bayan ya sayi kamfanin, kuma a wannan lokaci Musk ne ke jagorantar yunƙurin rage kashe kuɗin gwamnati.

Saƙon bai tsaya ga tayi ba. Ya bayyana wa wanda ya zaɓi zama abin da ke jiran sa: komawa ofis kwana biyar a mako, rage girman mafi yawan ma'aikatu, mayar da ma'aikata da dama wani rukuni da za a iya sallama cikin sauƙi, da tsaurara ma'aunin ɗa'a da biyayya. Ya kuma faɗi ƙarara cewa ba za a iya ba kowa cikakken tabbacin cewa kujerarsa ko ma'aikatarsa za ta ɗore ba.

Ƙungiyoyin ƙwadago, ciki har da AFGE wadda ita ce mafi girma a tsakanin ma'aikatan tarayya, sun kai ƙara a Boston. Alƙali George O'Toole ya dakatar da wa'adin ranar 6 ga Fabrairu, sannan ranar 12 ga wata ya ɗage dakatarwar bisa dalilin cewa ƙungiyoyin ba su da hurumin shigar da ƙarar. Bai yanke hukunci kan halaccin shirin kansa ba. A daren ranar aka rufe karɓar amsa, OPM ta ce kimanin mutum 75,000 ne suka amince. Washegari aka fara sallamar dubban ma'aikatan da ke matakin gwaji, wato waɗanda ba a kai ga tabbatar musu da aiki ba. A watan Afrilu ma'aikatu da dama suka sake buɗe tayin, kuma zuwa tsakiyar shekara adadin waɗanda suka karɓa ya kai wajen 154,000.

4.0 Abin da ke Rataye da Sunan

Mai karatu zai iya ɗauka cewa muhawarar ta fatar baki ce, tunda ko ta wace hanya ma'aikaci ya rabu da aikinsa. Ba haka abin yake ba, domin doka ta tanadi abubuwa da dama ga wanda aka raba da aiki, waɗanda wanda ya tafi da kansa ba ya samu. Idan gwamnati za ta rage ma'aikata bisa ƙa'ida, wajibi ne ta ba mutum sanarwar kwana 60. Wajibi ne ta jera ma'aikata bisa nau'in ɗaukarsu, da fifikon da ake ba tsofaffin sojoji, da daɗewa a aiki, da ƙwazo, ta fara da na ƙasan jeri. Wanda abin ya shafa yana da kuɗin sallama: albashin mako ɗaya kan kowace shekara a shekara 10 na farko, albashin mako biyu kan kowace shekara bayan nan, da ƙari ga wanda ya haura shekara 40 da haihuwa, matuƙar jimillar ba ta wuce albashin mako 52 ba. Yana da fifiko idan aka tashi sake ɗaukar aiki. Yana kuma da damar kai kuka gaban Hukumar Kare Tsarin Cancanta, wato MSPB, wadda aka kafa da dokar gyaran aikin gwamnati ta 1978.

Wanda ya yi murabus da kansa ya sarayar da waɗannan. Bugu da ƙari, takardar yarjejeniyar da aka fitar a shirin 2025 ta ƙunshi sharaɗin cewa ma'aikaci ya yafe damar kai ma'aikatarsa ƙara kan abin da ya shafi aikinsa. Saboda haka kalmar "son rai" tana aiki ne kamar mabuɗi. Inda ta tabbata, ƙofar shari'a ta rufe. Inda aka rushe ta, murabus ɗin ya koma kora, kuma gwamnati ta shiga matsayin wadda za ta kare kanta.

5.0 Ma'aunin Kotunan Amurka

Kotunan Amurka suna farawa ne daga zaton cewa kowane murabus na son rai ne, sai ma'aikaci ya kawo hujjar akasin haka. Shari'ar da aka fi kafa hujja da ita ita ce ta Christie, ta shekarar 1975. Wata ma'aikaciyar farar hula ce a rundunar sojan ruwa ta ajiye aiki bayan an sanar da ita cewa za a kore ta, daga baya ta ce dole aka yi mata. Kotu ta ƙi yarda, ta ce tana da zaɓin ta tsaya ta kare kanta, kuma ɗacin zaɓi biyun da ke gabanta bai mayar da wanda ta ɗauka tilas ba. Ma'aunin da kotun ta yi amfani da shi ya samo asali daga wata shari'ar kwangila ta 1953, kuma sharuɗɗansa uku ne: mutum ya karɓi sharuɗɗan ɗaya ɓangaren ba da yardarsa ba, yanayin bai bar masa wata mafita ba, kuma ɗaya ɓangaren ne ya haddasa yanayin ta hanyar matsin lamba. Ba a duba abin da mutumin ya ji a zuciyarsa, ana duba abin da mai hankali zai yi in yana matsayinsa.

Duk da ƙuncin wannan ma'auni, an bar ƙofofi biyu. Ta farko ita ce barazanar da ba ta da tushe. A shari'ar Schultz ta 1987, kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta ce idan ma'aikata ta yi wa mutum barazanar kora alhali ta san ba za ta iya tabbatar da dalilin korar ba, to barazanar tursasawa ce tsagwaronta. Ta biyu ita ce bayanin da ya ɓatar da mutum. A shari'ar Scharf ta 1983 da ta Covington ta 1984, kotu ta ce murabus ɗin da aka gina a kan bayanin da ba daidai ba daga ma'aikata ba na son rai ba ne, ko da jami'in da ya ba da bayanin bai yi nufin yaudara ba. Abin da Bahaushe ke kira zaɓen tumun dare, doka ba ta lissafa shi cikin zaɓi.

Lokacin da aka ba mutum ya yi shawara shi ma abin dubawa ne. Dokar kare haƙƙin ma'aikata masu manyan shekaru ta 1990 ta tanadi cewa idan aka yi wa gungun ma'aikata tayin tafiya, kuma ana son masu shekara 40 zuwa sama su yafe damar ƙara kan wariyar shekaru, to sai an ba su kwana 45 na nazari da kwana 7 na janye sa hannu. Wannan adadi yana nuna abin da majalisa ta ɗauka a matsayin isasshen lokaci ga shawara irin wannan.

6.0 Mahangar Masana Falsafa

Tun a ƙarni na huɗu kafin Miladiyya Aristotle ya kawo misalin matuƙin jirgin ruwa da guguwa ta rutsa da shi, ya zubar da kayan jirgin a teku don ya tsira. Ya kira irin wannan aiki gauraye: babu wanda zai so yin sa haka kawai, amma a wannan hali mutumin ne ya zaɓe shi, don haka ya fi kusa da son rai. Matsayin kotu a shari'ar Christie bai yi nisa da wannan ba. Sai dai misalin yana da iyaka, domin guguwar teku ba wani ne ya tayar da ita ba.

Wannan giɓi ne Robert Nozick ya nufa a maƙalarsa ta 1969 kan tursasawa. A ganinsa, ana bambanta tayi da barazana ne ta hanyar auna su da yadda al'amura za su kasance bisa al'ada in ba a yi maganar ba. Tayi yana ƙara wa wanda ya karɓa, ya bar wanda ya ƙi a inda yake. Barazana tana rage wa wanda ya ƙi. Nozick ya kuma ware gargaɗi daban: wanda ya faɗa wa mutum gaskiyar abin da zai faru ko da ya yarda ko bai yarda ba, ba barazana ya yi masa ba. Hillel Steiner, a tsakiyar shekarun 1970, ya nuna cewa magana ɗaya tana iya haɗa biyun, ta yi alkawarin lada ga mai karɓa da asara ga mai ƙi. Alan Wertheimer kuma, a littafinsa na 1987, ya ce abin da za a auna da shi shi ne haƙƙin mutum. Magana tana zama tursasawa idan mai yin ta ya ce zai aikata abin da ba shi da haƙƙin aikatawa, kuma wanda aka yi wa ba shi da wata mafita mai ma'ana.

7.0 Auna Tayin 2025

Daga bayanan da suka gabata za a iya fitar da tambayoyi huɗu, a ɗora tayin 2025 a kansu.

Ta farko: wanda ya ce "albarka" ya koma matsayinsa na da? A nan amsa a'a ce, kuma saƙon ne da kansa ya faɗa. Hannun da ya miƙa kuɗin shi ne hannun da ke sauya sharuɗɗan zama. Wannan ya sa saƙon ya faɗa rukunin da Steiner ya bayyana.

Ta biyu: abin da aka ce zai sami mai zama, gwamnati tana da haƙƙin yin sa? A nan amsar ta rabu. Zaɓaɓɓen shugaba yana da ikon umartar ma'aikata su koma ofis, kuma doka ta yarda a rage ma'aikata in an bi ƙa'ida. Masu goyon bayan shirin suna da hujja mai ƙarfi idan suka ce sanar da mutane raguwar da ke tafe gargaɗi ne, kuma ɓoye musu ita ne zai zama zalunci. Amma wasu matakan sun sha suka a kotu. A watan Maris, Alƙali William Alsup na San Francisco ya ce OPM ba ta da ikon umartar wasu ma'aikatu su sallami ma'aikatan gwaji, ya ba da umarnin a mayar da su, kafin Kotun Ƙoli ta dakatar da umarnin a Afrilu bisa dalilin hurumin masu ƙara. Akwai kuma batun niyya. Russell Vought, wanda ya zama daraktan ofishin kasafin kuɗi na fadar shugaban ƙasa a Fabrairun 2025, ya taɓa faɗa a wani jawabi da aka fallasa a 2024 cewa burinsu shi ne ma'aikatan gwamnati su shiga ƙunci har su wayi gari ba sa son zuwa aiki. Idan an tsananta zama ne domin mutane su tafi, to gargaɗin ya rikiɗe ya zama kora da hali.

Ta uku: ma'aikaci ya san abin da yake sa wa hannu? A lokacin da aka yi tayin, kuɗin da majalisa ta amince gwamnati ta kashe zai ƙare ne ranar 14 ga Maris, alhali alkawarin ya kai 30 ga Satumba, kuma akwai dokar da ta hana ma'aikatu ɗaukar alkawarin kuɗin da majalisa ba ta ware ba. Lauyoyi sun kuma yi nuni da dokar 2016 da ta ƙayyade hutun da ake ba ma'aikaci da albashi bisa umarnin hukuma zuwa kwana 10 na aiki a shekara, ana jayayya kan ko ta shafi wannan shiri. Wasu ma'aikatan hukumar haraji da suka karɓi tayin sun ji daga baya cewa sai sun ci gaba da aiki har tsakiyar Mayu. Gaskiya ne daga bisani majalisa ta tsawaita kasafin har ƙarshen Satumba, albashin kuma ya ci gaba da fita. Sai dai ana auna ingancin yarda ne da abin da mutum ya sani ranar da ya yarda.

Ta huɗu: an ba da isasshen lokaci? Kwana tara ne tsakanin saƙon da wa'adin farko, a kan shawarar da ta shafi fansho da inshorar lafiya da makarantar yara. Idan aka kwatanta da kwana 45 na dokar 1990, tazarar a bayyane take.

Akwai alƙaluman da kowane ɓangare ke kafa hujja da su. A zagayen farko waɗanda suka karɓa ba su kai kashi 4 cikin 100 ba, ƙasa da kashi 5 zuwa 10 da fadar shugaban ƙasa ta yi hasashe. Wannan yana nuna cewa ƙin karɓa abu ne mai yiwuwa, kuma mafi yawa sun ƙi. Amma zagaye na biyu ya ba da wani darasi. A mafi yawan ma'aikatu ranar ƙarshen biya ba ta sauya ba, wato watannin albashin sun ragu, amma masu karɓa ba su ragu ba. A Ma'aikatar Noma, inda jimillar ta haura 15,000, akasarinsu a zagaye na biyu suka amince. Abin da ya ƙaru tsakanin Fabrairu da Afrilu shi ne abin da idanu suka gani: rushe hukumar USAID, sallamar kimanin mutum 1,300 a Ma'aikatar Ilimi, da wasu kimanin 10,000 a Ma'aikatar Lafiya. Wanda ya ga gemun ɗan'uwansa ya kama wuta, ba ya jiran a ce masa ya nemi ruwa.

8.0 Saƙo Ɗaya, Ma'aikata Daban-daban

Kuskuren da ɓangarorin biyu ke yawan yi shi ne neman amsa guda ga mutum miliyan 2. Ma'aikacin da dama ya shirya yin ritaya a cikin shekarar, tayin garaɓasa ce a gare shi, domin an biya shi watanni a kan abin da zai yi ko ba a biya ba. Matashin da ya yi shekara 3 kacal, wanda kuɗin sallamarsa bai wuce albashin mako uku ba in aka rage shi, lissafi yana nuna masa cewa ƙwai a baka ya fi kaza a akurki, musamman in sana'arsa tana da kasuwa a waje. Wadda ta yi shekara 20 kuwa, kuɗin sallamarta albashin mako 30 ne tun kafin a sa ƙarin shekaru, ga fansho da take dab da cika sharuɗɗansa, don haka abin da ta sarayar zai iya fin abin da ta karɓa. Haka nan wanda aka ɗauka tun farko a kan zai yi aiki daga gida, mai nisan ɗaruruwan kilomita da ofis, ko mai larurar da ta hana shi zirga-zirga, umarnin komawa ofis ya riga ya yanke masa hukunci. Gare shi gaba kura ce, baya siyaki. Gwargwadon ƙarancin mafitar mutum, gwargwadon kusancin tayin da tilas.

9.0 Misalai daga Wasu Ƙasashe

Faransa ta nuna inda kora da hali kan kai idan ta yi tsanani. Kamfanin France Télécom, wanda asalinsa hukumar gwamnati ne, ya ƙuduri rage mutum 22,000 tsakanin 2006 da 2008, alhali yawancin ma'aikatansa suna da matsayin ma'aikatan gwamnati da ba a iya kora. Sai aka bi hanyar sauya musu wuraren aiki da matsa musu har su tafi, kuma da dama sun kashe kansu. A Disamban 2019 kotu a Paris ta sami kamfanin da tsohon shugabansa Didier Lombard da laifin cin zarafin ma'aikata a matsayin manufar hukuma, kuma kotun ƙoli ta ƙasar ta tabbatar da wannan fahimta a Janairun 2025. Lamarin Amurka bai kai nan ba, amma hukuncin ya kafa cewa ana iya tuhumar manufar kanta, ko da kowane ma'aikaci shi ya rubuta takardar tafiyarsa.

A Nijeriya ma an yi irin wannan muhawara a Disamban 2024, lokacin da aka ba da rahoton cewa kimanin ma'aikata 1,000 na Babban Bankin Ƙasa za su tafi ƙarƙashin shirin barin aiki da wuri, wanda aka ce zai ci naira biliyan 50. Bankin ya ce kowa da son ransa ya tafi, Majalisar Wakilai kuma ta kafa kwamitin bincike. Shirin ya zo ne a shekarar da aka mayar da wasu sassan bankin daga Abuja zuwa Legas, aka kuma sallami ma'aikata da dama har da daraktoci. Tambayoyi huɗun nan su ne za su dace da auna shi.

10.0 Kammalawa

Bisa ma'aunin kotunan Amurka, akasarin waɗanda suka karɓi tayin 2025 za a lissafa su cikin masu murabus na son rai, domin ma'aunin ƙunci gare shi, kuma nauyin kawo hujja yana wuyan ma'aikaci. Bisa ma'aunin da ya fi wannan faɗi, shirin gauraye ne: tayi na gaskiya ga wasu, kora da hali ga wasu, a cikin saƙo guda. Maƙalar ta nuna cewa biyan ma'aikaci ya tafi ba aibi ba ne a karan kansa, sau da yawa ma ya fi sallamar kai tsaye sauƙi ga wanda abin ya shafa. Abin da ke tsare shi daga zama tilas sharuɗɗa ne sanannu: majalisa ta ware kuɗin tun farko, a rubuta sharuɗɗan a fili, a ba da lokacin shawara da damar janyewa, a faɗa wa kowa abin da doka za ta ba shi in aka rage shi domin ya kwatanta, kuma kada a tsananta zama da nufin korar masu zama. Inda aka cika waɗannan, ma'aikaci yana iya cewa "albarka" ya koma kan kujerarsa. Inda aka kauce musu, sa hannunsa yana tabbatar da cewa ya tafi ne kawai, bai tabbatar da cewa ya so tafiyar ba.